Letterboxing: wasan neman ɓoyayyen akwati

Letterboxing wasa ne na neman akwatin da wani ya ɓoye a daji ko kan tsauni. A cikin akwatin, wanda ruwa ba ya shiga, akwai ɗan littafi da hatimin roba, sau da yawa wanda mai akwatin ya sassaƙa da hannunsa. Mai nema yakan bi kwatancen da aka bayar, wani lokaci da kamfas (na'urar nuna arewa) da ƙirgen taku. In ya dace, sai ya buga hatimin akwatin a littafinsa, ya buga nasa a littafin akwatin, ya mayar da komai yadda ya same shi.

Asalin wasan daga Dartmoor ne, a kudu maso yammacin Ingila. A 1854 wani ɗan jagora mutumin garin Chagford, James Perrott, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, tsakiyar fadama mai wuyar shiga, domin duk wanda ya isa ya bar katin sunansa. Daga baya matafiya suka riƙa barin katin wasiƙa, wanda ya zo bayansu ya kai gidan waya. Daga nan sunan ya fito, don letterbox a Turanci yana nufin akwatin wasiƙa. Wasan bai yaɗu a Amurka ba sai da mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa a 1998.

A arewa maso gabashin Amurka, ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙasar a can can baya ta goge tsaunuka, ta bar manyan duwatsu jingine da juna. Ƙarƙashinsu akwai rumfunan da 'yan asalin ƙasar suka fake a ciki shekaru dubbai, suka bar toka da gutsattsarin tukwane da kawunan kibau na dutse. Irin wannan wuri yana jan masu wasan, don tsagar dutse maɓoya ce mai kyau. Matsalar ita ce mai nema yakan ɗaga duwatsu ya tona ƙasa, alhali masu binciken kayan tarihi da yadda ƙasar wurin ta jeru hawa-hawa suke gane wane abu ya riga wane. Shi ya sa ƙa'idar masu wasan a Dartmoor ta hana ajiye akwati a kowane kufai ko tsohon kabari, kuma a Amurka dokar 1979 ta haramta tona ko ɗauke kayan tarihi a filayen gwamnatin tarayya ba da izini ba.