Folik asid: a fara sha tun kafin ciki ya shiga, ba sai ranar awo ba

Assalamu alaikum jama'ar Kebbi, iyaye mata da maza, da 'yan uwana ma'aikatan lafiya na asibitocin karkara da masu kemis. Maganar wata 'yar ƙaramar ƙwaya nake son mu yi, ruwan ɗorawar nan da ake haɗa ma mata masu ciki tare da jan maganin ƙarin jini ranar awo. Sunanta folik asid. Duk macen da ta taɓa zuwa awo ta san ta, amma mafi yawa maganin ƙarin jini kawai sunka ɗauke ta, kuma gaskiya tana taimaka ma jini, sai dai babban aikinta tana yin shi ne a lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, lokacin da mu ma'aikata ba mu ganinta ko kusa.

Ga yadda abin yake. Cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki akwai wani ɗan siririn nama a bayan ɗan tayi da ke naɗewa ya zama bututu, ya rufe kamar yadda tela ke haɗa baki biyu na ƙyalle ya bi da ɗinki. Saman bututun shi ke zama ƙwaƙwalwa, ƙasansa ya zama lakar da ke cikin ƙashin baya. Kwana 28 fa, wato wajen sati biyu bayan mace ta ga al'adarta ba ta zo ba, tana nan tana lissafi ko ɓatan wata ne ko ciki ne, aikin ya riga ya ƙare. Jiki na buƙatar folik asid, wanda shi ne bitamin B9, don ƙera sabbin ƙwayoyin halitta da sauri a wannan lokacin, in ya yi ƙaranci sai ɗinkin ya bar ɓaraka.

In ɓarakar ta ƙasa ce, sai a haifi yaro da ƙullutu a gadon baya, wani lokaci a buɗe har ruwa na tsatsa, likitoci na ce mai sifaina bifida. Irin waɗannan yara da yawa ƙafafunsu kan shanye ko su lanƙwashe, ba su iya riƙe fitsari da bahaya, da yawa kuma ruwa kan taru musu a kai ka ga kai na ta girma. In ta sama ce ba ta rufe ba, a haifi jariri babu ƙoƙon kai babu yawancin ƙwaƙwalwa, wannan ba ya rayuwa, ko a haife shi babu rai ko ya rasu cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Akwai kuma wanda ƙullutun kan fito a ƙeya. A duniya ana ƙiyasta jarirai wajen 300,000 ke zuwa da irin wannan matsala duk shekara.

Mun san abin da ake cewa a gida in haka ta faru. Wai ta fita da magariba, wai ta yi wanka gulbi, wai iska ta shafe ta, a garuruwan bakin ruwa har a ce ɗan ruwa ne. Baiwar Allah ga zafin haihuwa ga baƙin ciki ga kuma dangin miji na kallonta da laifin da ba ta yi ba. Komai da ƙaddarar Allah, babu mai musu, amma Shi ya sa ma abubuwa sababi kuma wannan sababin an gano shi. A 1991 anka fitar da sakamakon wani babban bincike da masana a Ingila sunka jagoranta kan matan da sun taɓa samun ciki mai wannan matsala, waɗanda anka ba folik asid tun kafin wani cikin ya shiga, maimaituwar abin ta ragu da kashi 72 cikin 100. Daga 1998 Amurka ta wajabta ma kamfanoni sa shi cikin garin fulawa da makamantansa, haihuwar irin waɗannan yara ta ragu. Ba duka yake hanawa ba, akwai wanda gado ne ko wani dalili dabam, amma ya hana fiye da rabi ai ba ƙaramin abu ba ne ga ƙwayar da tana cikin mafi arha a kemis.

To matsalarmu lokaci ne. Mace a nan ba ta faɗin ciki da wuri, in na fari ne kunya, in ba na fari ba tsoron baki, sai ya fito ya kai wata huɗu, biyar, wata ma shida kafin ta zo awo, mu kuma mu ƙirga mata ƙwayoyi mu rubuta a kati mu ce mun ba da folik asid. Mun ba da, kuma ta sha don jininta da girman jariri, amma maganar baya da ƙwaƙwalwa an wuce wurin tun watanni. Ko wadda ta zo da wata biyu, da muke yaba ma ƙoƙarinta, ta makara ga wannan.

Shi ya sa nake ganin wurin wannan ƙwaya cikin shirin aure yake. Dubi irin hidimar da ake yi ma amarya, dilka, lalle, tsimi, kaza, turaren wuta, kuɗi masu yawa, to uwa ko gwaggo da ke kula da gyaran ta ƙara da folik asid guda kullum tun ranar da anka sa rana. Aƙalla wata guda kafin ciki ake so, in an samu wata uku ya fi, a ci gaba har ciki ya cika sati 12, daga nan a bi tsarin awo. Amare da yawa cikin watannin farko suke samun rabo. Kuma tunda yanzu masu niyyar aure na zuwa gwajin jini don sikila da sauran cututtuka, abokan aiki don Allah kada a miƙa takardar sakamako a sallame su haka nan, minti biyu ya isa a yi musu wannan bayani, ango na zaune yana ji, don galibi shi ne mai saye.

Ba amare kaɗai ba. Mai goyon da ta kawo yaro rigakafi, gobe kana iya jin ta yi kwanika. Wadda ta zo a cire mata ashanar hannu ko ta ce ta bar allurar tazara don tana son haihuwa, wannan ai ta faɗa maka da bakinta, ranar ya kamata ta fara. Duk macen da ke da aure kuma tana iya ɗaukar ciki, ta sha kullum, shi ke nan.

Yawan da ake so shi ne maikirogiram 400, wato miligiram 0.4 a rana. A nan sai mun lura, domin wadda ta fi yawa a kemis ɗinmu mai miligiram 5 ce, ta ninka waccan fiye da sau goma. Mai miligiram 5 ɗin ta mata ce na musamman, wadda ta taɓa haihuwa ko ɓarin ɗa mai wannan matsala, mai sikila, mai ciwon suga, da mai shan maganin farfaɗiya irin su balfuret da kabamazefin, waɗannan su ga likita tun kafin ciki, kuma mai farfaɗiya kada ta kuskura ta bar maganinta da kanta don ta ji wannan magana. Sannan ga abin da ake yawan mantawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa miligiram 5 kullum na rage ƙarfin Fansidar da muke ba masu ciki daga sati 13 don rigakafin maleriya, mai 0.4 kuwa ba ta da wannan matsala. Mu da ke fama da sauro a fadamun shinkafa daga Argungu har Yawuri bai kamata mu yi wasa da wannan ba. Masu kemis ku riƙa duba kwali, ku nemo mai 400 ku ajiye.

Wani zai ce to abinci fa? Akwai shi cikin alayyahu, zogale, wake, gyaɗa, kuɓewa, lemu da ƙwai, a ci sosai. Sai dai zafi na lalata shi kuma yana narkewa cikin ruwa, mu kuwa ganye sai ya dahu ya yi laushi a tsiyaye ruwan a zubar kafin a yi kwaɗo. Fulawar kamfani ana sa mata shi bisa ƙa'idar gwamnati, amma dawa da gero da shinkafar da munka noma munka kai injin niƙa na bakin kasuwa babu wanda ya sa musu komai, kuma su ne tuwonmu da furarmu. Da wuya abinci kaɗai ya kai mace inda ake so.

Maigida, wannan ba maganin hana haihuwa ba ne, ba kuma ya sa jariri ya yi ƙaton da zai gagari haihuwa kamar yadda ake yaɗawa a gidan suna. Tashin zuciya da baƙin bahaya da taurin ciki da mata ke kuka da su yawanci daga jan maganin ne mai sinadarin ƙarfe, sai mace ta haɗa duka biyun ta jefa ƙarƙashin katifa. In jan ya dame ki, Hajiya, ki sha shi bayan cin abinci ko da dare, ki dawo ki faɗa mana, kada ki yar da ko guda.

Ungozomomi, iyayenmu, in Allah ya kawo jariri da ƙullutu a baya a hannunku, kada a matsa, kada a kira wanzami ya tsaga ko a yi sakiya, kada a shafa toka ko man shanu ko wani garin magani. A rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a kwantar da shi rub da ciki ko ta gefe ana kula da numfashinsa, a lulluɓe shi kada ya yi sanyi, a kama hanyar asibiti ranar. Buɗaɗɗen wuri ƙwayoyin cuta na bi ta nan su kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake son a yi aikin rufewa cikin kwana biyu zuwa uku na farko. Daga babban asibiti kamar Sir Yahaya a Birnin Kebbi ana iya tura su asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato inda akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Yara da yawa da anka yi ma aiki suna rayuwa har su yi makaranta. Ita kuma uwar kada a sallame ta sai an zaunar da ita da mijinta an rubuta mata mai miligiram 5, an faɗa musu ta fara sha wata uku kafin su nemi wani cikin.