Waiwaye: Doguwar takaddamar biyan 'yan wasan jami'o'in Amurka

A watan Afrilun 2024 aka mayar wa Reggie Bush kyautarsa ta Heisman, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan zari-ruga (ƙwallon ƙafa irin na Amurka) na jami'o'in ƙasar duk shekara. Ya lashe ta a 2005 yana ɗalibi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, sannan ya miƙa ta da hannunsa a 2010 cikin zubewar mutunci, bayan bincike ya gano cewa shi da iyayensa sun karɓi kuɗi da gidan zama daga wasu dillalai masu kwaɗayin zama wakilansa idan ya shiga gasar ƙwararru. Shekara 14 kyautar ta yi ba ta hannunsa. Da masu kyautar suka tashi mayar masa, dalilin da suka bayar shi ne harkar wasannin jami'a ta sauya ƙwarai. Ta sauya kuwa, domin a yau ɗalibin da ya kai rabin shaharar Bush yana samun miliyoyin daloli a bainar jama'a, kuma jami'arsa ce ke taya shi nema.

Wanda ya saba da wasannin jami'o'inmu na Najeriya irin na NUGA zai yi mamakin jin ana rigimar kuɗi a wasan ɗalibai. A Amurka kasuwa ce babba. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, ya fi duk wani filin ƙwallon ƙafa na Turai. A 2010 hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasar, NCAA, ta sayar wa tashoshin CBS da Turner haƙƙin nuna gasar ƙwallon kwando ta maza a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14. Waɗanda ake biyan waɗannan kuɗaɗe don a kalle su kuwa, a lokacin dokar hukumar ta hana su karɓar ko kwabo a bayan tallafin karatu.

Tun ranar farko da kuɗi a ciki. Gasar farko tsakanin jami'o'i biyu a Amurka tseren kwale-kwale ce tsakanin Harvard da Yale a 1852, kuma wani kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyinta domin ya jawo fasinjoji zuwa tafkin da aka yi tseren. Kafin ƙarshen wancan ƙarni zari-ruga ta mamaye makarantu, ana hayar ƙarti waɗanda ba ɗalibai ba su zo su buga. Wasan ya yi munin da a 1905 aka rasa rayukan matasa da dama a fili, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ja musu kunne. Daga nan aka kafa ƙungiya a 1906, wadda ta koma NCAA a 1910. Kare lafiyar yara ne asalin kafa ta, amma ta ɗauko wata aƙida daga manyan Ingila ta ɗora a kai: mutumin kirki don sha'awa yake wasa, karɓar lada zubar da girma ne. A Ingila ɗin ma wannan aƙida ta yi amfani wajen hana leburori shiga gasa da 'ya'yan masu hali. Wanda mahaifinsa ke da dukiya ne kaɗai zai iya yin wasa kyauta.

Ba a taɓa bin dokar da gaske ba. Rahoton Gidauniyar Carnegie na 1929 ya gano cewa mafi yawan makarantun da aka bincika suna biyan 'yan wasa ta bayan fage, ko da aikin bogi ko da kuɗi a ambulan. A 1948 hukumar ta kafa doka mai tsauri, makarantu suka yi biris da ita, aka soke ta a 1951. A 1956 aka yi sulhu: jami'a za ta iya biya wa ɗan wasa kuɗin makaranta da masauki da abinci, iyakarta ke nan.

Wannan sulhu ya zo da nasa haɗari ga jami'o'i. In har kana ba mutum abu saboda wasan da yake yi maka, ashe ma'aikacinka ne, kuma idan ya ji rauni sai ka biya diyya. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison, na wata kwaleji a jihar Kolorado, ya mutu sakamakon bugun da ya samu a kai yana cikin wasa. Matarsa ta nemi diyyar da ake biyan iyalin ma'aikaci. Kotun ƙolin jihar ta hana ta a 1957, bisa hujjar cewa kwalejin ba sana'ar zari-ruga take yi ba. A wannan zamani ne shugaban hukumar, Walter Byers, da lauyoyinsa suka ƙirƙiro laƙabin "ɗalibi ɗan wasa", suka sa a riƙa amfani da shi a kowace takarda domin kada kalmar ma'aikaci ta samu wurin shiga. Byers da kansa ya bayyana haka a 1995 bayan ya yi ritaya, ya kuma juya wa tsarin da ya gina baya. Duk lokacin da na ji ana kambama tsarkin wasan ɗalibai, matar Dennison nake tunawa.

Ambaliyar kuɗi ta fara ne a 1984, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta karɓe ikon sayar da wasannin zari-ruga ga talabijin daga hannun hukumar, a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Jojiya suka shigar. Kowace jami'a da kowane rukuni suka shiga ciniki da kansu. Da yake an hana biyan masu wasan, kuɗin sai ya malala inda ya samu hanya: albashin masu horarwa, manyan ofisoshi, ɗakunan canza kaya masu kama da otal. A jihohi da yawa kocin jami'a ne ma'aikacin gwamnati mafi albashi, ya fi gwamna nesa ba kusa ba. A 2023 Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher, ta ɗauki alkawarin biyansa fiye da dala miliyan 75 don kawai ya tafi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Nan ne dillalai suka samu ƙofa. A duba yadda abin yake a lokacin: yaro ɗan shekara 19, daga gidan da ake fama da kuɗin haya, rigarsa mai lambarsa ana sayar da ita a shagon makaranta, kowa ya san nan da shekara biyu zai sa hannu a kwantiragin miliyoyi, amma yau ba shi da kuɗin motar zuwa ganin mahaifiyarsa. Sai wani ya zo da fara'a, galibi ba dillalin da kansa ba, yaronsa ne, ko wani kawu, ko tsohon kocin unguwa. Ya biya kuɗin haya, ya sayi waya, ya ce kada ka damu, sai ka zama babba. Daga ranar da yaron ya karɓa ya shiga hannu, domin kalma ɗaya daga bakin dillalin ta isa ta kore shi daga wasa. A shekarun 1980 wasu dillalai biyu, Norby Walters da Lloyd Bloom, sun sa 'yan wasa masu yawa sun rattaba hannu a asirce a kan takardun da aka rubuta wa kwanan wata na gaba aka ɓoye, kuma a kotu an ba da shaidar cewa an yi wa masu son janyewa barazana. A 1996 Marcus Camby ya kai Jami'ar Massachusetts zagayen kusa da na ƙarshe a ƙwallon kwando, daga baya aka goge nasarar daga tarihi saboda ya karɓi kuɗi da kayan ado daga dillalai. A 2010 wani tsohon dillali, Josh Luchs, ya fito ya ce ya biya 'yan wasa fiye da 30.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne wanda hukunci ke faɗa wa. A shari'ar Bush an hana jami'arsa wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, an rage mata guraben tallafin karatu 30. Waɗanda suka sha wannan ukuba yara ne da suke makarantar sakandare lokacin da aka yi laifin. Kocin ƙungiyar, Pete Carroll, ya riga ya koma gasar ƙwararru a Seattle watanni kafin a yanke hukuncin. A 2010 ɗin kuma aka dakatar da 'yan wasan Jami'ar Jihar Ohio biyar wasanni biyar-biyar saboda sun sayar da zobba da rigunan da aka ba su kyauta, kayansu na kansu. Ko a 2017 da hukumar FBI ta kama mutum goma, ciki har da mataimakan koci huɗu da wani jami'in kamfanin Adidas, abin da ya fito fili shi ne an yi cinikin wani yaro, Brian Bowen, a kan dala 100,000 don ya shiga Jami'ar Louisville. Bowen bai taɓa buga wasa ko ɗaya a jami'a ba.

Masu adawa da biya suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Karatun jami'a a Amurka yana da tsadar gaske, ɗan wasan da aka ɗauke wa wannan nauyi ya tsira daga bashin da ke danne takwarorinsa. Wasanni biyu ne kawai ke kawo riba, zari-ruga da ƙwallon kwando, kuma daga ribarsu ake ciyar da ninƙaya da guje-guje da wasannin mata, waɗanda dokar 1972 ta wajabta a ba su dama daidai da maza. Duk gaskiya ne. Sai dai idan aka bi kuɗin da ido, za a ga gumin yara ne, yawancinsu baƙaƙen fata daga gidajen talakawa, yake ɗaukar nauyin wasannin da 'ya'yan masu hali suka fi yawa a ciki. Karatun da ake ce an ba su ma, atisaye da tafiye-tafiye sun cinye lokacinsa. Ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne ke kaiwa ga gasar ƙwararru. Ga sauran, waɗannan shekaru huɗu su ne kaɗai lokacin da bajintarsu ke da farashi a kasuwa.

Wanda ya fara tsaga bangon shi ne Ed O'Bannon, tauraron Jami'ar UCLA da ta ci kofi a 1995. Yana aikin sayar da motoci a Nevada sai ya ga kansa a cikin wani wasan bidiyo: tsayinsa, lambarsa, hannun hagun da yake jefa ƙwallo da shi, ba wanda ya nemi izininsa balle ya biya shi. Ya kai ƙara a 2009, kuma a 2014 Mai shari'a Claudia Wilken ta yanke cewa dokokin hukumar sun saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. A wannan shekarar Shabazz Napier, wanda ya jagoranci Jami'ar Connecticut ta ci kofin ƙasa, ya gaya wa 'yan jarida cewa akwai dararen da yake kwana da yunwa. Kwanaki kaɗan bayan maganar ta bazu aka ɗage ƙa'idar da ta taƙaita yawan abincin da makaranta za ta iya ba 'yan wasa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Kalifoniya ta yi doka a 2019 da ta ba ɗalibai damar cin moriyar sunansu da hotonsu, wasu jihohi suka bi sahu. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara, ba tare da ko ɗaya ya saɓa ba, suka kayar da hukumar a shari'ar Alston, inda Mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa tsarin kasuwancinta haramtacce ne ƙarara a kusan kowace sana'a a Amurka, kuma ba ta fi ƙarfin doka ba. Ranar 1 ga Yuli na shekarar aka buɗe ƙofar talla da ɗaukar wakili. A watan Yunin 2025 Wilken ɗin dai ta amince da sulhun shari'ar House: za a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma kowace jami'a za ta iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko kai tsaye daga asusunta.

An kashe maciji dai ba a sare kansa ba. A gasar ƙwararrun zari-ruga ta NFL ƙungiyar 'yan wasa ce ke tantance dillalai, ta kuma ƙayyade ladansu a kashi 3 cikin 100 na kwantiragi. Ɗalibai ba su da irin wannan ƙungiya, don haka kowa na iya buga kati ya ce shi wakili ne. Gervon Dexter, yana Jami'ar Florida, ya karɓi kimanin dala 436,000 daga wani kamfani a kan zai ba shi kashi 15 cikin 100 na abin da zai samu a NFL har shekara 25. Da ya shiga ƙungiyar Chicago a 2023 sai ya garzaya kotu neman a warware yarjejeniyar. A 2024 Matthew Sluka ya bar ƙungiyar jami'arsa a Las Vegas ana tsakiyar kaka, wakilinsa ya ce an yi masa alkawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba.

'Yan Afirka kuma suna da tasu matsalar. Hanyar shiga jami'ar Amurka ta wasa ce Hakeem Olajuwon ya bi daga Legas zuwa Jami'ar Houston, ita ce Blessing Okagbare da Tobi Amusan suka bi zuwa Jami'ar Texas da ke El Paso. Bizar ɗalibi ta hana baƙo yin aikin neman kuɗi a cikin Amurka sai a 'yan wurare ƙalilan, saboda haka ɗan Najeriya zai iya zama tauraron ƙungiya yana kallon abokan wasansa suna ɗaukar talla shi ba hali. Oscar Tshiebwe, ɗan Kongo da ya zama gwarzon ƙwallon kwando na ƙasar a 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je wasa tsibirin Bahamas sannan ya yi ayyukan tallarsa a can cikin 'yan kwanaki.

Kalmar da Byers ya toshe wa hanya har yanzu ba ta shigo ba. Jami'o'i suna biyan miliyoyi amma sun dage cewa waɗanda suke biya ba ma'aikata ba ne, suna kuma roƙon majalisar dokokin ƙasar ta rubuta hakan a doka. 'Yan ƙwallon kwando na Dartmouth sun kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago a 2024, daga baya suka janye buƙatar. A shekarar ce kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce laƙabin ɗan wasan sha'awa shi kaɗai bai isa ya hana a ɗauki ɗalibi a matsayin ma'aikaci ba, ta mayar da shari'ar ƙaramar kotu a duba irin aikin da suke yi da wanda ke cin moriyarsa.