Ku Gyara Ɗaki, Amma Ku Bar Masa Tagarsa

Jama'a, ina da ƙorafi, kuma a kan magidanta da masu jeren ɗakin amarya yake. Aikina a ƙaramin asibitin unguwa ne: awon ciki, rigakafi, da bin masu jego gida. Ƙafata ta taka ɗakuna da yawa, na mai hali da na marar hali, kuma akwai abu guda da nake ta cin karo da shi har ya ishe ni. Sai a kashe kuɗi a gyara ɗaki, a yi filasta, a sa silin, a shimfiɗa tayil, a shafa fenti, sannan a ɗauko bulo a toshe taga. Inda ba a sa bulo ba, an cusa tsumma da kwali, ko an buga falle na kwano da ƙusa.

Ga irin abin da ke zuwa mana daga waɗannan ɗakuna. Jariri ɗan kwana biyar ko shida, ya daina kama nono, idonsa da tafin ƙafarsa sun koma ruwan ɗorawa. In ce wa uwar, "Yaushe kika fara ganin haka?" Ta ce, "Wallahi Malama, sai yau da muka fito da shi tsakar gida." Kuma gaskiya ta faɗa. Bi ta gida da azahar ka ɗaga labulen ƙofa, sai ka tsaya idonka ya washe kafin ka gane inda gado yake. Bango shuɗi mai duhu, ƙwan lantarki guda ɗaya, shi ma shuɗi ko kore, wai don ɗaki ya yi sanyi. A wannan hasken ko mu da muke aikin ba za mu gane shawara a jikin jariri ba, balle yarinyar da wannan ce haihuwarta ta fari.

Shawara ba baƙuwa ba ce a wajen jarirai. Kusan 6 cikin 10 na waɗanda suka cika wata tara suna yin ta a makon farko, bakwaini kuwa kusan 8 cikin 10. Yawanci tana wucewa da kanta. Amma wadda ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko sandarewar gaɓoɓi har ƙarshen rayuwarsa, wani ma ta tafi da shi. Duba ta kuwa ba ya buƙatar ko sisi: ki kai jaririn bakin taga da rana, ki danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa, ki ɗaga, ki dubi launin fatar, ki dubi farin idonsa. Kullum, har a yi suna. To wace tagar za ki kai shi, tunda an toshe? Mai jego tana kwana arba'in a ɗaki, jaririn nannaɗe cikin zani, babu wanda ya gan shi a hasken Allah sai ranar aski.

Bari in gyara wani zance tun da wuri. Shuɗin hasken da ake sa jarirai a ƙarƙashinsa a asibiti na'ura ce ta musamman. Shuɗin ƙwan da ake sayarwa a kasuwa ba ya maganin komai, ɓoye cutar ma yake yi. Shanya jariri a rana ma ba magani ba ne. In kun ga launin ya fito tun ranar haihuwa, ko ya sauko har tafin hannu da ƙafa, ko yaro ya ƙi nono, ku kawo shi a ranar, kada a ce sai maigida ya dawo.

Na san dalilanku, don kun sha faɗa mini. Baba ya ce ɓarayi. Wani ya ce tagar lungu take kallo, samari na leƙe. Hajiya ta ce ƙurar hunturu da sanyi. Wata ta ce sauro. Duk gaskiya ne, ban raina ko ɗaya ba. Amma kowanne yana da maganinsa da bai kai ga toshewa ba. Ɓarawo, sandunan ƙarfe. Leƙe, a ɗaga tagar sama ta wuce tsayin mutum, yadda maginan da suke yi a soraye. Sauro, raga. Ƙura da sanyi, ƙyaure, a rufe da dare, a buɗe da hantsi. Ko rumbun hatsi ana buɗe shi ya sha iska, ina ga ɗakin da mutum shida ke kwana a ciki?

Ku kuma iyayena masu jere, da ku nake. Wani ɗakin ango ya bar masa tagarsa lafiya lau, har da raga. Ranar jere sai gwaggo ta duba ta ce ai nan ne sif zai fi zama, a jingina shi da tagar, ɗaya tagar kuma a rufe ta da labule mai kauri daga silin har ƙasa, wanda ba za a sake ja ba sai ranar wanki. Kowa ya yi guɗa, ɗaki ya yi kyau. Wata goma bayan nan a cikinsa 'yarku za ta yi jego. Don Allah, in kayan sun fi ƙarfin ɗakin, a rage kayan. Kujera ɗaya ta koma gidanku ba abin kunya ba ne.

Ba jarirai kaɗai ba. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa. Mai shi ya yi tari a ɗakin da iska ba ta ratsawa, abin ya tsaya yana yawo, na kusa da shi su yi ta shaƙa har gari ya waye. Shi ya sa muke ganin miji ya fara, mata ta ɗauka, sai ɗan autan da ke kwana tsakaninsu. Tarin da ya kai mako biyu a zo a gwada, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma me ya sa za mu gina wa cutar ɗaki? Ƙyanda kuwa ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Sanƙarau kowa ya san lokacinsa, daga hunturu zuwa bazara, kuma cunkoso yake so. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2017 ya sake tasowa daga Zamfara, aka rasa sama da mutum 1,000. A 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na cutar. In an zo yi, ku fito da yara. Amma allura ba ta ce ku tattara mutum takwas a ɗaki ku toshe ko'ina ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kaskon garwashi. Dare ya yi sanyi, a shigo da shi ɗaki a ja ƙofa, tagar kuma dama babu ita. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Da safe a kawo mana mutum da ciwon kai da jiri da amai, a ce maleriya ce. Wani gidan ba a kai ga kawowa ba, sai dai a fasa ƙofa. Janareto a zaure ko a bakin ƙofar ɗaki ma haka yake yi. Kaskon da janareton, ko da taga a buɗe kada a kwana da su.

Sai maganar launi. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa mai duhu, ko jan da ya yi kamar hanta, ko kashi 20 ba sa mayarwa, shanye shi suke yi. Ɗaki ɗaya ne, taga ɗaya, ƙwai ɗaya, amma canjin fenti kaɗai zai sa ka ga allurar da ta faɗi ƙasa ko ka kasa gani. Hujjar masu son mai duhu ita ce ba ya nuna datti. To dattin yana nan, ɓoye shi kawai aka yi. Danshin da ya tsatso ta bango da damina ba za ka gan shi ba sai ya yi baƙi yana wari, mai asma a gidan yana ta fama. Sauro ma kusurwa mai duhu da bayan kayan da aka rataye yake nema ya laɓe da rana. Tsohuwa mai raunin ido ta tashi alwala ta yi tuntuɓe da kujera, ƙugu ya karye. In hannun yara kuke gudu, ku yi mai ɗan duhu daga ƙasa zuwa ƙugu, sama da silin ku bar su fari ko ruwan madara. Wanda ba shi da kuɗin fenti, farar ƙasa ta wadatar, iyayenmu da ita suka haskaka ɗakunansu.

Makarantu kuma, raina yana ɓaci duk lokacin da muka je rigakafi. An ce an yi gyara. Daga waje bango na sheƙi, an rubuta sunan makaranta da manyan baƙaƙe. Shiga aji ka gani: ƙyauren tagar da ya ɓalle, maimakon a gyara shi, an buga kwano an rufe har abada. Yara tamanin ko ɗari a zaune, hasken ƙofa kaɗai suke rabawa, zafi da warin gumi su tare ka tun daga bakin aji. Allo ya koɗe ya koma toka-toka, farin alli ba ya fita a kansa. Wani wurin kuma an shafa masa fentin mai, yana ƙyalli, na gefe ba sa ganin komai sai walƙiya. Yaron da ke baya yana tsuke ido, ya kwafi rabi ya bar rabi, a ce daƙiƙi ne, har da bulala. Malam, kafin ka ɗaga bulalar, dawo da shi gaba ka ga ko zai karanta. In har a gaban ma yana tsuke ido, a kai shi gwajin ido. Kuma a daina aiken yara su fasa tsohon batir su shafa baƙin a allo, akwai fentin allo na musamman marar ƙyalli.

Hedimasta, 'yan kwamitin makaranta, ƙungiyar iyaye da malamai, in ɗan kwangila ya ce ya gama, kada ku tsaya a fili ku sa hannu. Ku shiga kowane aji da rana tsaka, ku zauna a bencin ƙarshe, ku ga ko za ku karanta allo. Ku tura kowace taga da hannunku. Aji yana son taga a ɓangare biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa, kuma hasken ya zo wa yara ta gefe, ba ta bayan allo ba.

Shi kansa fentin akwai abin lura. Fentin mai, musamman ruwan ɗorawa, ja, ruwan lemo da kore, an sha gwada na kasuwanninmu ana samun dalma a ciki fiye da kima. Iyakar da ake bi a duniya ita ce kashi 90 cikin miliyan, Amurka kuwa tun 1978 ta hana ta a fentin gidaje. Mun san abin da dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, yara sama da 400 suka mutu. Waccan daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gida ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a ce ba ya illa. Tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ba tare da zazzaɓi ko kuka ba. Yanzu ku haɗa: ana gobe Sallah mai fenti ya kankare tsohon bango a bushe, ƙura ta cika ɗaki, mai rarrafe yana tsinta yana kaiwa baki, an shafa sabo da ya sha kananzir, da daddare kowa ya shige ya kwanta, ga taga a toshe. Washegari ku zo mana da jan ido da tari da ciwon kai. Haba jama'a!

To in za a yi gyara:

- A fara da taga kafin tayil. Girmanta ya kai aƙalla kashi 1 cikin 10 na girman filin ƙasan ɗakin; ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana son taga mai kamar ƙafa 4 da 4. In da hali, biyu.
- Cikin ɗaki fentin ruwa mai haske. In dole sai na mai, a nemi wanda aka rubuta babu dalma a jikin gwangwaninsa.
- A jiƙa bango kafin a kankare, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, banda shara a bushe.
- Yara da masu ciki su bar wurin, kada a kwana sai wari ya fita sarai. Makaranta a yi nata a farkon hutu.
- Farin ƙwai a ɗakin mai jego da inda yara ke karatu.
- Gwangwanin fenti ba mazubin ruwan sha ba ne, ba na awon gari ba.

Saura masu gidajen haya. Alhaji, ka yanka fili ɗaya ka fitar da ɗaki goma sha biyu, na tsakiya ba su da ko huda, kana karɓar kuɗin shekara cif. Mutanen da ke ciki amana ce a wuyanka, kuma a da duba-gari ba zai bar wannan ginin ya wuce ba. Kira magini ya fasa sama ya sa bulo mai huda da raga, aikin yini ɗaya ne. Kai kuma mai neman haya, je ka duba ɗakin da rana, ka ce a kashe wuta, ka tura tagar da hannunka kafin ka miƙa kuɗi.