Kwamfuta ta cika da hotuna: amsoshin tambayoyin da na gaji da ji

Yaran da ke koyon ɗaukar hoto a shagona suna yin tambayoyin nan, abokan sana'a a nan Kaduna, daga Kawo har Barnawa, suna yi, masu kyamarar gida ma ba a bar su a baya ba. Na tara su wuri ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa ya karanta.

Oga, me ya sa laftof ɗina yake cika da wuri haka?

Yi lissafi mana. Kyamara mai megafiksel 24, hoton RAW ɗaya, wato ɗanyen hoton kamar yadda kyamara ta ɗauke shi, yana cin wajen megabayit 25 zuwa 30. Biki ɗaya, daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa dina, in ka danna sau 1,500, giga 40 ta tafi ke nan. Laftof ɗinka giga 256 ne, Windows da sauran manhajoji sun riga sun ci rabonsu. Biki huɗu ko biyar, magana ta ƙare. Ba bayiros ba ne.

To in bar su a cikin memori kawai?

A'a. Memori na ɗauka ne, ba na ajiya ba.

Filash fa?

Na kai wa kwastoma kayansa ne. Abin da ke zamewa daga aljihu a cikin Keke Napep ba shi za ka damƙa wa aikin shekara ba.

Na sayi ekstanal, ma'ajin nan da ake jonawa da kwamfuta ta waje, na kwashe komai na zuba a ciki, na goge na kwamfuta. Shi ke nan ko?

Wannan tambayar ce ke tayar min da hankali. Ba shi ke nan ba, ƙanena. Jiya hotunan suna wuri ɗaya, yau ma wuri ɗaya suke, mazauni kawai ka sauya musu. Kuma sabon mazaunin ya fi tsohon haɗari, domin ekstanal yana yawo a jaka, yana faɗowa daga tebur, abokai suna ara. Ekstanal mai faifai a ciki, in ya faɗi yana tsakar juyawa, sau da yawa sai dai haƙuri.

Masu wannan harka suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini dabam. In hakan ya fi ƙarfin aljihunka, mafi ƙaranci ekstanal biyu masu ɗauke da abu iri ɗaya, ɗaya a shago, ɗaya a gida. Kada ka jera su a durowa ɗaya ka ce kana da biyu. Ɓarawo duka zai kwasa, gobara ma haka, kuma duk wanda ya zauna garin nan ya san yadda wuta take cin shaguna in hunturu ya kama.

Sannan wajen kwashe hotuna, kwafa (copy) ake yi, ba yankewa (cut) ba. Ka kwafa, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar suna buɗuwa, ka gwada yawan fayilolin nan da na can, sai ka goge. Kai da ka san ana iya ɗauke wuta kowane lokaci, ga batirin laftof ɗinka ya mutu tun bara, me ya kai ka yankewa?

An rubuta tera 1 a kwalin, na saka ya nuna giga 931. An cuce ni?

Kwantar da hankalinka, ba wanda ya cuce ka. Kamfani da dubu-dubu yake ƙirgawa, Windows kuma da 1,024. Kowa haka nasa yake nunawa.

Na samu filash mai tera 2 da araha a bakin titi.

Wannan kam an cuce ka. Ana yi wa ƙaramin filash dabara ya riƙa nuna girman da ba shi da shi. Zai karɓi hotuna kamar gaske, har sunayensu za ka gani, ranar da ka zo buɗewa ka tarar babu komai. Memorin kyamara ma akwai jabunsa birjik. Duk sabon da ka saya, gwada shi da manhajar H2testw, kyauta ce, kafin ka je aiki da shi.

Ai na tura wa kaina a WhatsApp, suna nan.

Inuwarsu ce take nan. WhatsApp yana matse hoto ya rage shi, sai fa in a matsayin fayil ka tura. Facebook ma yana matsewa. Je ka wanke irin wannan a babban firem ka ga fuskar amarya.

Google fa? Na ji kyauta ne.

Giga 15 ne kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos duk a cikinsa suke ci. Ajiyar hotuna marar iyaka da ake ba ka labari an rufe ta tun 1 ga Yunin 2021. Ƙari sai da kuɗi, ga datar da za ka ƙona wajen ɗora giga 40. Zuba zaɓaɓɓun JPEG, wato matsattsun hotuna marasa nauyi, da ka gama gyarawa a can, wannan yana da kyau ƙwarai. RAW ka bar su a ekstanal.

Na gama aiki, na miƙa wa masu biki hotunansu. Zan iya goge RAW ɗin? Kuma har yaushe zan ci gaba da riƙe hotunan mutane?

To, wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya bai daɗe a sana'ar ba. Fara da mai sauƙin: cikin hotuna 1,500 ɗin nan, akwai wanda ido ya rufe, akwai wanda ya yi dishi-dishi, akwai guda goma na tsayuwa ɗaya. Waɗannan a goge su tun makon farko, ba sai an yi shawara ba. Da wannan kaɗai za ka iya samun rabin wurinka ya dawo, wani lokaci fiye.

Saura waɗanda ka zaɓa ka gyara. JPEG ɗinsu ni ba na gogewa, ba su da nauyi, kuma su ake dawowa nema. RAW ɗinsu ne abin dubawa. Amfaninsa shi ne in an ce haske bai yi ba, ko launin leshin Hajiya ya sauya, za ka iya komawa ka gyara ba tare da hoton ya lalace ba. Irin wannan ƙorafin yawanci a watannin farko yake zuwa, don haka riƙe su shekara guda ba laifi ba ne, in wuri ya ba ka dama. Bayan nan ya danganta. Hoton fasfo ko taron da aka yi aka watse, a sallame su. Amma hoton da akwai tsofaffi a ciki, kakar amarya, liman, dattawan unguwa, ni ina jinkirtawa. Za a zo maka bayan shekaru a ce Baba ya rasu, kuma hotonsa mai kyau ɗaya ne, wanda ka ɗauka ranar ɗaurin aure, ana so a fitar da shi shi kaɗai a ƙara girmansa. Ranar nan RAW yake biyan kuɗin wurin da ya ci. Haka hawan sallah in ka je Zariya, ko tsofaffin gine-ginen garin nan da ake rushewa kullum. Takardun tarihin da ke ajiye a Gidan Arewa na Kaduna yau, ai wani ne ya ƙi zubar da su.

Sai dai akwai ɗaya gefen, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Hotunan kamu da na lalle, mata ne a tsakaninsu, wata ba mayafi, wata tana rawa. Amana ce aka ba ka. Duk shekarar da suka ƙara a hannunka, ƙofar fitarsu tana ƙara faɗi: yaron shago, mai gyaran kwamfuta, abokin da ya ari ekstanal zai kwafi fim. Akwai gidan da za su fi son ka goge da zarar sun karɓa, akwai auren da ya mutu ma ba mai son ganin hoton. Don haka wani lokaci gogewar ita ce daidai, ko da wuri bai cika ba. Abin da nake ganin ya fi, ka faɗa musu tun ranar ciniki: zan riƙe muku zuwa lokaci kaza, bayan nan ku ne da kayanku, in kuma kuna so a goge yanzu ku faɗa. Ka rubuta a rasit. Wanda za ka ci gaba da riƙewa kuma ka sa masa kalmar sirri, amma ka sani in ka manta ta, kai ma an rufe ka a waje.

Mai faifai zan saya ko SSD?

Na aiki kullum, SSD, wato wanda ba faifai mai juyawa a cikinsa: ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa. Na ajiya, mai faifai: ya fi araha a kowace tera, kuma SSD ba ya son a jefa shi durowa shekara da shekaru ba wuta, balle a zafin Maris da Afrilu. Kowanne ka saya, raba shi da ƙura da danshin damina, ka riƙa jona shi lokaci-lokaci kana dubawa. In ka ji mai faifai ya fara ƙas-ƙas, kwashe kayanka a ranar.

Hotunan suna nan amma ba na gane inda suke.

Saboda foldarka sunanta "sabo", ta cikinta "sabo 2". Shekara, wata, rana, sannan sunan aiki: 2024-12-21 Ɗaurin aure Tudun Wada. Da kansu za su jeru.

Na yi wa memori fomat bisa kuskure, hotunan suna na ciki!

Cire shi daga kyamara yanzu, kada ka ƙara ɗaukar ko ɗaya. Yawanci hotunan suna nan har sai sabo ya hau kansu. Saka shi a kwamfuta, gwada PhotoRec ko Recuva, kuma abin da suka dawo da shi ka zuba a wani wuri, ba a kan memorin ba. In ka riga ka je wani bikin da shi, sai ka fara shirya abin da za ka faɗa wa masu biki.