Motar Haya Ta Zo Da Aibi: Asarar Wa Ce?

A Garwa da Marwa, an daɗe ana cewa da zarar ka karɓi makullin motar haya, duk abin da ya lalace a wuyanka yake. Ba haka ba ne, kuma wannan magana ta cuci direbobi da yawa.

Sashe na 1721 na dokar farar hula da Kamaru ke aiki da ita ya ɗora wa mai mota alhakin duk aibin da ya hana amfani da ita, ko da bai san da shi ba. In aibin ya jawo maka asara, shi zai biya. Ɓarnar da gangancinka ya jawo kuwa, taka ce.

Don Allah, kafin ka tayar da ita, kira makanike ya duba, a rubuta halin da take ciki, ku sa hannu.