Waiwaye: Me ke tsufar da na'urar raba ruwa?

Duk mai sola a gidansa nan Maraɗi ya san yadda batir ke mutuwa. Shekarar farko yana kai ka asuba, shekara ta uku kuwa ko isha'i ba ya wucewa. Na'urar da ke raba ruwa ta fitar da iskar haidirojin, wadda ake ta yi wa ƙasashe masu zafin rana irin tamu albishir da ita, haka take ƙarewa, sannu a hankali.

Aikin ba sabo ba ne. A 1800 Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka ratsa wutar batir cikin ruwa, ya rabu gida biyu: haidirojin da oksijin. Kafin 1930 kamfanin Norsk Hydro ya kafa manyan na'urori a Rjukan ta ƙasar Norwe don yin takin zamani, Masar ma ta bi sahu a Aswan wajen 1960. Cikin na'urorin nan faranta ne masu rufin ƙarfen nikel tsome cikin ruwan fotash mai ƙuna, ɗan'uwan sodar da ake dafa sabulu da ita. Sun yi gomman shekaru suna aiki, kuma a ganina sirrin bai wuce ɗaya ba: wutar madatsar ruwa suke ci, dare da rana, ba yankewa.

Tsakanin 1960 da 1970 kamfanin General Electric na Amurka ya ɓullo da wata iri mai siririn tantani na roba a tsakiya maimakon ruwan fotash. Ta fi ƙanƙanta, ta fi saurin tashi, shi ya sa masu wutar rana suka fi sonta. Sai dai tana cin iridiyom, ƙarfen da duniya kaf ba ta haƙo tan 10 nasa a shekara, akasarinsa daga Afirka ta Kudu.

Tsufan ba ya zuwa da hayaƙi ko ƙara. A lissafi, bolt 1.23 ne mafi ƙarancin abin da zai raba ruwa. A aikace kowane ɗakin na'urar, wato kowane ɗan sashe da ake raba ruwan a cikinsa, kan nemi kusan bolt 2, kuma kullum abin da yake nema ƙaruwa yake. A irin mai tantani, iridiyom na narkewa kaɗan-kaɗan. Ƙarfen titaniyom da ke kai masa wuta na yin wata irin tsatsa da ke tare hanya. Tantanin na sirancewa har iskokin biyu su fara cakuɗa, wanda shi ne babban haɗari, domin haɗuwarsu fashewa ce. Kilo guda na haidirojin yakan ci wuta kilowat-awa 50 da ɗoriya, to tsohuwar na'ura kilo ɗin nan dai take bayarwa, kuɗin wutar ne ke hawa.

Abu biyu ke gaggauta wannan, kuma dukansu suna ƙofar gidanmu. Na farko kunnawa da kashewa. Rana ta faɗi, na'ura ta tsaya, gari ya waye ta tashi. A irin ta fotash, duk tsayawa sai wata wuta ta komo da baya ta ci farantan. Hazon hunturu da hadarin damina su ma suna sa wutar hawa da sauka cikin yini guda.

Na biyu ruwa, kuma shi ya fi damuna. Kilo ɗaya na haidirojin na shan lita 9 na tataccen ruwa, mai tsabta irin na batir ko fiye. Ɗauki butar shayi da ta daɗe tana tafasa ruwan rijiyar burtsatse, ka leƙa gindinta. Ma'adinan da suka bar wannan farin daskararren abu su ne ke shiga tantani su toshe shi. Idan matatar ruwan ta yi sakaci, na'urar da aka yi wa alkawarin awa 60,000 ko fiye ba za ta kai ko kusa ba.

Ranar da aka zo mana da maganar haidirojin don taki a bakin Gulbin Maraɗi, ni dai zan fara tambaya wa zai tace ruwan, da kuma wace wuta na'urar za ta ci bayan magariba.