Kullen korona da murar yara: tambayoyin da iyaye ke yi

Da gaske ne mura ta ragu lokacin kulle?

Ta ragu. A ƙarshen Maris 2020 gwamnatin Kaduna ta kafa dokar hana fita, aka rufe makarantu da kasuwanni. Hanyar da korona ke bi, wato tari da atishawa da hannu, ita ce dai hanyar sauran cututtukan numfashi, don haka da aka tare ta, su ma sun ragu. Ƙasashe da dama sun ga mura mai zafi ta kusan ɓacewa a shekarar. Wani nau'inta, B/Yamagata, tun Maris 2020 ba a sake tabbatar da ganinsa ba. Majinar yau da kullum kuwa ba ta gushe ba, domin ƙwayarta ba ta cika jin sanitaiza ba.

To me ya sa yara suka yi ta ciwo bayan an buɗe gari?

Akwai ƙwayar RSV mai jawo mura da tari, wadda kusan kowane yaro ke kamuwa da ita kafin ya cika shekara 2. Kulle jinkirta haɗuwar ya yi kawai. Da aka koma makaranta sai ta tarar da yara masu yawa da jikinsu bai san ta ba, ta kama su lokaci guda, har ba a kakarta ba. Haka ta faru a Ostireliya a ƙarshen 2020, da Amurka a 2021. Abin da ya fi damuna shi ne jariran da rigakafinsu ya wuce ana zaune a gida, musamman na ƙyanda da na ciwon haƙarƙari.

Shin a sa wa ƙaramin yaro takunkumi?

A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar hakan ga 'yan shekara 5 zuwa ƙasa ba. Babban da ke tari shi zai sa.

Me ya kamata mu riƙe yanzu?

Wanke hannu da sabulu kafin ɗaukar jariri, ko a ranar suna ce, kuma mai mura ya yi barka daga nesa. Allurar sati 6, 10 da 14 kada ta wuce. A hunturu a nisanta yaro daga ƙura da hayaƙin itace.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Idan numfashin yaro ya kai 50 a minti ɗaya tsakanin wata 2 da shekara 1, ko 40 daga nan zuwa shekara 5, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko ya kasa kama nono, kada a jira gari ya waye.